Ranar da Gora Ya Riƙe Ni

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Shekara ashirin ina aikin ofis a Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin yadda nake hawan gora a gulbin Argungu. Gora dai ƙaton duman nan ne mai baki a sama, wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi ta yawo bisa ruwa. Na ce ido rufe nake hawansa. Har cewa na yi kifaye sun san muryata.

Abokaina biyu, abokin aikina da wani mai sayar da shinkafa a Zauro, suka gaji da ni. Wata Asabar da hantsi suka tsaya da mota ƙofar gidana. "Yau dai mu ga ɗan ruwa," in ji mai shinkafa. Ni kuwa rabona da gulbi tun ina saurayi. Amma in na noƙe, ba ni da sauran bakin magana a majalisa. Na ce, "Mu tahi!"

A Argungu muka sauka gidan kawuna, tsohon masunci. Ya dube ni sama da ƙasa, idonsa ya tsaya kan tumbina.

"Ɗana, da wanga kaya duka za ka shiga?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, ba ni gora kawai."

Ya nuna mini wani tsohon gora da ke shanye a rana, duk jikinsa ɗinki. Na sungume shi da zafinsa, muka gangara, Kawu na biye da mu.

Hawan farko gora ya juye da ni, na sha ruwa har ta hanci. Abokaina suka faɗi ƙasa don dariya. Na sake kifa ciki da fushi, na danna sosai. Sai ga ni a sama! Ƙafafuna suka tuna aikinsu da kansu. Na yi tsakiyar gulbi, na kewayo, ina ɗaga musu hannu ina ihu, "To, maƙaryaci ne?" Wallahi daɗin da na ji har ƙwalla sai da ta zo mini.

Da na zo sauka ne tsiya ta tashi. Gora ya ƙi sakina. Ashe tumbina ya toshe bakinsa ruf, shi kuwa ya shiga ruwan sanyi da zafinsa, ya zuƙe ni kamar ƙahon wanzami. Masunta ba su da teɓa, shi ya sa ba wanda ya taɓa yi mini kashedi.

Na fito tudu rungume da shi, ina tafiya a tale. Abokin aikina ya ce, "Sannu Hajiya, wata nawa?" Suka kama goran suka ja, na kurma ihu, suka saki. Mai shinkafa ya ɗauko dutse. "A fasa shi kawai mu huta!"

Kawu bai hana ba. Cewa kawai ya yi, "Ku hwasa in kuna so. Na marigayi babanka na. Shi kaɗai ya rage."

Na dubi ɗinkin nan da kyau, sai na gane hannun babana, don shi kaɗai ke ƙulla zare sau biyu haka. Na daka wa mai shinkafa tsawa, "Aje dutsen nan ko in ci mutuncinka!"

Haka na kwanta rigingine kan yashi, gora bisa cikina, masu wucewa na tsayawa kallo, Kawu na shafa man gyaɗa a bakin goran yana zura ɗan yatsa a hankali don iska ta shiga ya sake ni. Abokaina suka ce labarin nan sai ya kai ofis kafin Litinin. Na ce su kai shi har Ambursa, amma kada wanda ya taɓa mini gora.