Allurar ɓeraye

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikina kula da ɓeraye mata ne a ɗakin gwaji. An yi musu tiyata an cire ƙwayayen haihuwarsu, don haka sinadarin da jikin mace ke yi ya ƙare a jininsu. Wasu muna yi musu allurarsa, wasu mu bar su haka. Da safe nakan saka su ɗaya bayan ɗaya a babban baho, su yi iyo su nemi wani ɗan dakali da aka ɓoye ƙarƙashin ruwan. Masu allura sun fi tuna wurin. Sauran sai su yi ta zagaye bakin bahon har in tsamo su in goge su da tawul.

A gida, a Nyanshegu, kakata ta fara mantuwa. Matar da ta tsufa tana dama koko, yanzu sai ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon tukunya. In na durƙusa na gaishe ta, takan amsa da ladabin da ake yi wa baƙuwa.

Wata rana muna tsince wake da mahaifiyata, na ba ta labarin ɓerayen, don dai shirun ya yi yawa.

Ta ajiye faranti. "To, ki kawo mana."

"Mma, na ɓeraye ne fa."

"Ɓera ya fi uwata ne? Mai kemis na unguwar Gurugu ma yana yin allura, shi da bai gama makaranta ba."

Na ce abin da ya yi wa ɓera aiki yana iya cutar da tsohuwa. Ko ɓeran ma, in an jima bayan tiyata kafin a fara masa, ba ya amfana sosai. Kaka kuwa al'adarta ta ɗauke tun kafin a haife ni.

"Wannan ne karatun naki?" ta ce.

Washegari na buɗe jakata a ɗakin gwaji, na tarar da ƙaramar kwalbar turare, an wanke ta tas an naɗe a mayafin mahaifiyata. Na daɗe tsaye gaban firij ɗin da muke ajiye sinadarin. Na zuƙi rabon ɓerayen kawai a sirinji, na mayar da sauran, na rufe.

Da yamma na miƙa wa mahaifiyata kwalbar, ba komai a ciki. Ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta girgiza, ta ajiye. Ba ta dube ni ba, ta ɗauki kwanon tuwo ta shiga ɗakin kaka.