Cokali Mai Yatsu a Hannun Hagu

A kakar shekarar da fam ya koma naira, ranar kasuwar Ƙanƙara, Yaya Sani ya sauka daga mota da akwatinsa, ya gama karatun shari'a a Zariya. Muna sussukar gero a gindin rumbu, muka watsar da taɓare muka tarye shi, Inna ta rangaɗa guɗa, ai mun yi lauya. Ashe da sauran rina a kaba. Ya ce sai ya ƙara shekara a makarantar lauyoyi a Ikko, kuma ko ya ci jarrabawa, ba za a ɗora masa hular gashin nan ba sai ya zauna liyafa da manyan alƙalai. Muka yi ta dariya. Karatun da ake ƙarasawa da ci, ai ko ni sai in iya.

Dariya ta tsaya da ya fito da kayan koyo, wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Ya gwada da tuwon dawa miyar kuka, loma ta suɓuce, zakara ya yi gaba da ita. Baba ya murtuke fuska. "Da hagu? Motoci ma bara gwamnati ta raba su da hagu. Ɗana ba ya zuwa inda za a koya mashi cin Shaiɗan." Karatun da aka rabu da shanun huɗa dominsa, ga shi cokali zai kashe shi. Wallahi Yaya ya ba ni tausayi, har ramewa ya yi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta raba gardama, tana zaune tana kaɗi, ta dubi Yaya. "An ce ka zauna, ko an ce ka ƙoshi? Riƙe masu abinsu da hagun, kar dai ya kai baki." Baba ya haƙura. Aka cika wa Yaya jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli, ya tafi Ikko. Kafin kowace liyafa sai ya cika cikinsa a ɗaki, ya je ya yi ta juya naman mutane a faranti har a tashi. Haka ya zama lauya bai ci musu loma ba.

Yau Kaka da Baba sun riga mu gidan gaskiya, jikokinmu kowa da farantinsa, babu mai duba hannun wani. Kwanan baya a wata walima na ga Yaya, furfura fal, ya ɗauki cokali da hagu, ya juya nama, ya ajiye, ya nemi ruwan wanke hannu. Har yanzu gani yake Baba na kallonsa.