Goggo Rifkatu da Abokin Aikinta Mai Kwana a Akwati

Duk wanda ya taɓa bin Goggo Rifkatu gida ran Lahadi bayan an tashi coci ya san abin da zai tarar. Ko ɗankwali ba ta cirewa. Ta ɗora gwate a wuta, ta ja labule ruf da rana tsaka, ta zuba gyaɗa a faranti, sannan ta durƙusa gaban tsohon bidiyonta, ta hura wa kaset iska, fuu, fuu, ta tura. Da zarar murfin akwatin gawa ya fara ɗagawa a talabijin, wani farin hannu mai zaƙo-zaƙon farce ya leƙo, sai ta gyara zama ta ce, "Yauwa, ga abokin aikina ya tashi."

Abokin aiki fa, don ita ma sana'arta ke nan. Shekara ashirin da wani abu ta yi tana ɗibar jinin mutane a ɗakin gwaji na wani asibiti a Bronx, can Amurka. Ni 'yar ƙanenta ce, Ladi. A wurinta na sauka a unguwar Parkchester lokacin da na zo karatu daga Jos, kuma shekara shida na yi ina shan gwate a gaban masu shan jini. Kasusuwan kifin da ke cikin gwaten ma na daina jin tsoronsu.

Goggo ba kallo take yi ba, duba aiki take yi. Mutumin zai shigo ta taga cikin baƙar alkyabbarsa, ya sunkuya a kan yarinyar Bature, ni na rufe ido da matashi, ita kuwa tana nuna talabijin da cokali.

"Dubi, dubi! Ko hannu bai wanke ba. Bai tambayi sunanta ba, bai tambayi ranar haihuwa ba."

"Goggo, kashe ta fa zai yi!"

"To shi ne zai yi aikin ƙazanta? Ga jijiya nan ɓaro-ɓaro a hannu, sai wuya? Kalli rabin jinin a kan rigar barci. In a wurinmu ne, kwana ɗaya zai yi a sallame shi."

Labari ya kai kunnen Fasto cewa shugabar zumuntar mata tana tara finafinan aljanu a gida. Bawan Allah, mutum mai kunya, ya zo da kansa wata Lahadi, ya zauna a bakin kujera yana juya hula a hannu.

"Mama, ana ta magana. Irin waɗannan abubuwa ba su gina ruhu."

Goggo ta zuba masa gwate, ta tura kaset, ta wuce da shi daidai wurin da wani tsohon likita ya zaro gicciye, dodon ya ja da baya yana kare fuska yana huci.

"Fasto, tsakaninka da Allah, a wane fim na zamanin nan ka ga an ɗaga gicciye Shaiɗan ya gudu? Nan sau huɗu ake ɗagawa, na ƙirga."

Fasto ya ci gaba da kallo, wai don ya san abin da zai tsawata a kai. Can da yarinyar ta tashi za ta buɗe taga, sai muka ji murya daga bakin kujera: "Kai, kar ki buɗe! Kar ki buɗe mana!" Bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai in sun haɗu a ƙofar coci ya rage murya ya ce, "Mama, wancan tsohon likitan, ya rayu kuwa a fim na biyun?"

Ranar da bidiyon ya haɗiye kaset ya ƙi amayarwa, gidanmu kamar an yi rasuwa. Na ce mata duk finafinan nan suna cikin waya, in ta so yanzu-yanzu in nemo mata.

"A waya? Dodon da ya cika bango ki mayar mini da shi kamar kyankyaso? Ɗauko mini zane."

Ta naɗe bidiyon a zanen atamfa, ta rungume shi kamar jariri, muka shiga jirgin ƙasa mai lamba shida har Harlem, wurin Malam Idi, wani Bamaraɗe mai gyaran rediyo da waya a titi na 116. Wata mata a jirgi har ta tashi ta ba ta wuri, ta ɗauka da gaske jariri ne. Goggo ta yi godiya ta zauna abinta.

Malam Idi ya buɗe, ya leƙa, ya girgiza kai. "Madam, wagga aba ta gaji. Ko a Maraɗi an bar aiki da irinta. Ki yar, ki sayi sabuwa."

"Kai ma ka gaji, an yar da kai? Gyara."

Ya gyara kuwa, da wata 'yar roba da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Da ya kunna don gwaji, sai ga abokin aikin Goggo yana saukowa daga bene. Malam Idi ya ajiye sukundireba. Masu jiran waya suka taru a bayansa. Minti ashirin ba wanda ya motsa.

"Waɗanga mutane ba su da wayo," in ji shi. "In ni ne, Ayatul Kursiyyu ƙafa ɗaya, in tofa, shi ƙone ƙurmus."

"Gicciye dai, Malam Idi."

"Ayatul Kursiyyu, Madam."

Suka yi ta yi har aka nuno ɗakin da aka rataye tafarnuwa a kowace taga. Suka dubi juna.

"To, tafarnuwa dai ba gardama," in ji Goggo.

"Wallahi babu," in ji shi. "Ni kaina tana korata."

Babban kuskurena a duniya shi ne ranar da na kai ta silima, ranar haihuwarta, don ta ga yadda aka sake yin labarin a zamanance. Ta shirya tsaf, ta cusa dambun nama a jaka, don ta ce ba za ta ci gugguru mai ɗanɗanon takarda ba. Aka fara. Sai ga mai shan jinin, saurayi kyakkyawa, gashi a gyare, wando matsattse, ba alkyabba, ba akwati. Ya riƙe hannun budurwa yana hawaye, yana ba ta haƙuri a kan halinsa.

Goggo ta taɓo ni. "Yaushe dodon zai fito?"

"Shi ne wannan, Goggo."

"Wannan? Wannan mai kuka?" Muryarta har layin gaba. "Shekara ɗari huɗu a duniya, bai iya cizo ba, bai iya zance ba! Ina haƙoran? Wannan ai ko allura ya gani sai ya suma!"

Aka yi ta ce mana shhh. Wani dattijo baƙar fata a bayanmu, wanda ko kalma ɗaya ta Hausa bai ji ba, ya miƙo kai ya ce da Turanci, ko me ta faɗa, shi ya yarda da ita. Ta ba shi dambu. Tare suka fita tun ba a kai rabi ba, ni ina biye da su da jaka.

A jirgi, kan hanyar komawa, na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba: me ta gani a waɗannan tsofaffin finafinai? 

Ta ce fim na farko da ta taɓa gani irin wannan ne, a wata silima marar rufi a Jos, kuma mijinta Baba Ishaya ne ya kai ta, lokacin yana nemanta. Ya sha kwat, yana ta cika baki wai shi ɗan mafarauci ne, kar ta ji tsoro, yana nan. Ana ɗaga murfin akwati, ɗan mafarauci ya yi ƙasa, ya cusa kai a ƙarƙashin benci, yana kiran sunan uwarsa. Ita ta ba shi labarin sauran fim ɗin a hanya, yana tafe da takalmi ƙafa ɗaya.

"A ranar na ce shi zan aura. Mutumin da bai iya ɓoye tsoronsa ba, me zai iya ɓoye mini?"

Baba Ishaya ya rasu saura wata biyu su taso Amurka tare. Ita kaɗai ta zo. Ta ce har yanzu in kiɗan nan na farkon fim ya tashi, sai ta ji kamar benci yana rawa a gefenta.

Ciwon da ya ɗauke ta na jini ne, kun sani. A watannin ƙarshe sai da aka riƙa yi mata ƙari. Ranar farko wata sabuwar nas ta soke ta sau biyu ba ta samu jijiya ba. Goggo, da ƙyar take ɗaga kai, ta kama yatsan yarinyar ta ɗora a daidai wurin.

"Nan. Kwantar da allurar kaɗan. Kar ki kalli fuskata, kalli aikinki. Yauwa, 'yata."

Da aka rataye ledar jinin, ta bi jan bututun da ido har zuwa hannunta.

"Ladi, na wane ne?"

"Ba a faɗa, Goggo."

"To ki sa shi a addu'a, ko wane ne. Wannan da ƙafarsa ya je ya bayar, ba a bi shi ta taga ba."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Ta ce in share fuska, ina tsorata nas.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Rifkatu. Ta riƙe 'ya'yan mutane kamar nata, ta taɓa dubban hannaye masu tsoro da tausayi. Ka ba ta hutawa a cikin haskenka, inda babu ciwo. Ka yi wa baƙon da ya ba ta jininsa albarka, kamar yadda ta roƙa. Mu kuma da ta bari, ka ba mu haƙurin rashinta. Amin.