Mijin Hajiya Kaka a Riyad

Ranar ƙaramar Sallar shekarar da nake aji uku, Baba ya miƙo mini waya a falonmu na unguwar Dira a Riyad, ya ce kakata ce daga Gumel. Muryarta ta fito da ƙarfi: "Maigidana, ina goron Sallata?" Wasan kaka da jika ke nan, ni ne mijinta, kuma kamata ya yi in rama da tsiya. Na buɗe baki, Larabci kaɗai ya fito. Ta yi dariya ta ce, "Shi ke nan, miji ya sake ni." Kowa ya dara ban da Umma. Ni kuwa kunya ta hana ni cin waina.

A saman bene akwai wata nas 'yar ƙasar Hangari, Anti Ilona, da ɗanta Bence, abokin ƙwallona a lungun da ke bayan shagon kayan miya. Matar nan tana da wata doka: ba ta zuba wa Bence abinci sai ya jero mata aikatau ɗaya da harshensu. Yana tsaye, yana haɗiyar yawu, yana rera "jövök, jössz, jön", wato ina zuwa, kana zuwa, yana zuwa. Yau da gobe har ni ɗan cin arziki na haddace. Da Umma ta ji ina rerawa wajen wanke kwanuka, ta hau sama ta tambayi dalili. Anti Ilona ta ce tsohuwarta na can gida, ba ta so Bence ya zame wa kakarsa baƙo.

Daga ranar tuwonmu ya samu mai gadi. "Na zo, ka zo, ya zo," sannan miya. In na yi gunaguni Umma ta ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na ji haushinta ƙwarai, ban san gata take yi mini ba.

Da babbar Sallah ni na karɓi wayar da kaina. "Tsohuwa, zan zo, amma sai kin iya miya." Hajiya Kaka ta yi guɗa har wayar na rawa. Ta ce ta ajiye mini zakara.

Hutun da Baba zai kai mu gida bai zo ba sai bayan rasuwarta.

Yanzu jirgin ƙasa ke ratsa Riyad, 'ya'yana kuma da Larabci suke faɗa da juna. Kullum kafin tuwo ina tsayar da su, su jero. Idan suka kai kan "zan zo", nakan ce su zauna mu ci.