Shekara Shida Bayan Yaya Auwalu: Sunayen da Aka Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Auwalu. A irin wannan lokaci ne, an yi shuka gero ya fara tsiro, Allah ya karɓi abinsa a gidanmu na Kiru bayan jinyar wata biyu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Abin da ke cikina ba baƙin cikin mutuwa kaɗai ba ne, akwai na cin amana, shi kuwa wannan ba a zuwa yi wa mutum gaisuwarsa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Mahaifiyarmu an haife ta ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ruwan Tiga ya cinye, kuma tun muna yara muke jin ta tana ambaton rijiyoyi da bishiyoyi da unguwannin da babu wanda zai sake gani. Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Da ya samu waya mai ɗaukar murya, sai ya buɗe shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog, ya riƙa bin tsofaffin da aka tayar yana rubuta abin da suka tuna. Kowace Asabar zai hau babur ɗinsa, yau Bebeji, wani makon Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa idan an ce masa akwai tsohon da ya koma can wajen 'ya'yansa. Ya dawo da ƙura har gira, ya zauna ya kwafe hirar a littafi, ni kuma in buga masa a kwamfuta, don shi da yatsa ɗaya yake bugu. Ni malamar firamare ce, a wajensa na koyi rubutun da ba na darasi ba.

Doka ɗaya gare shi. Kowane labari sai an sa sunan wanda ya bayar, da sunan mahaifinsa, da ƙauyen da aka tayar da shi. Na taɓa mantawa da sunan wani tsoho, na ce a bari a haka tunda labarin ya fito. Ya ce, "Saude, an karɓe musu gonaki da gidaje. Mu kuma mu zo mu karɓe musu bakinsu?" Sai da ya koma Badafi a mako na gaba ya tambayo sunan.

Habibu amininsa ne tun firamare. A kwano ɗaya suka ci tuwo, Innarmu ɗana take ce masa, ni kuma Yaya Habibu nake kiransa. A Kano yake aiki, ya san kwamfuta, shi ne ma ya buɗe wa Yaya shafin. Ranar addu'ar bakwai ya same ni a zaure idonsa jawur, ya ce aikin Auwalu bai kamata ya lalace ba, in ba shi kwamfutar da kalmar sirrin shafin ya adana komai a wuri mai kyau. Da hannuna na miƙa masa. Har godiya na yi masa, na ce Allah ya bar zumunci.

Na ci gaba da rubutu a shafin ta wayata, ina kwafo hirarrakin da Yaya ya bari a littattafansa bai kai ga sawa ba. Hakan ya riƙe ni a watannin farko, ina jin kamar aikinmu muke yi tare, shi ya fita ne bai dawo ba tukuna. Bayan kusan shekara, wata safiya na buɗe shafin ya ƙi buɗuwa. Na kira Habibu, ya ce matsala ce daga masu shafin, ana gyarawa. Wata ya wuce, ana gyarawa. Daga baya sai in kira ya ce yana taro.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo mini wani littafi a makaranta, tana murna. Ta ce ga wani ɗan garinmu ya rubuta tarihin ƙauyukan Tiga, an yi bikin ƙaddamarwa a Kano, har a rediyo an faɗa. Na buɗe shi a tsaye a bakin aji. Sunan Habibu ne a bango, ban kuma gama shafi na farko ba na gane rubutun. Jimlolin Yaya ne, waɗanda na buga da yatsuna, har da waɗanda muka yi gardama a kansu. Na duba shafin godiya. An gode wa manyan mutane masu muƙamai, an gode wa mai ɗab'i, an gode wa iyali. Babu Auwalu ko sau ɗaya. Sunayen tsofaffin kuma duk an canza su, an haɗe labarin mutum biyu ko uku a bakin mutum ɗaya, yadda ba wanda zai bi sawu ya gano asalinsu.

Na sami Habibu a ofis ɗinsa a Kano. Ya tare ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Na ajiye littafin a kan teburinsa.

Ya ce, "Ƙanwata, ki fahimce ni. Wa yake karanta bulog? Da na bar shi a can da ya mutu tare da mai shi. Yanzu ga shi a ɗakunan karatu."

Na ce, "Yaya Habibu, sunansa fa?"

Ya ce kuskuren masu bugawa ne, za a gyara a bugu na biyu. Na ce shafin fa, me ya sa aka rufe? Ya duba agogo ya ce yana da baƙi. An yi bugu na biyu. Na saya da kuɗina don in gani. Bango kawai aka canza.

A gida kowa haƙuri ya ba ni. Inna ta ce in bar shi da Allah, amma daga ranar ba ta sake ambaton sunansa ba har ta rasu. Rabi, matar Yaya, ta ce ita marayu ne a gabanta, ba ta da ƙarfin shari'a da mai hanya. Ba ni da wata shaida a hannu sai abin da Yaya ya rubuta da biro, shafin ya tafi, kwamfutar tana wajensa. Na tattara littattafan Yaya na zuba a akwati na tura ƙarƙashin gado. Shekara huɗu ban rubuta komai ba sai darasin yara. Idan wani ya tambaye ni ina shafin nan naku, sai in ce ai an daina. Abin da ya fi ci mini rai ba Habibu ba ne, ni ce. Ni na miƙa.

A shekarun nan nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo. Duniyar ta sauya. Yanzu ka tsaya a Kwanar Dangora jiran mota, kowa kansa a sunkuye kan waya yana kallon bidiyo, ba mai haƙurin karanta dogon rubutu. Ina jin da ba zai yi ƙorafi ba, da ya ce in koya masa yadda ake yi. Game da sunansa da aka cire, na san halinsa, mai yiwuwa ya yi dariya ya ce ai dai labarin ya isa ga mutane. Wannan tunanin ya sha ba ni haushi, don ni ba zan iya irin wannan yafiyar ba. Amma sunayen tsofaffin, wannan na tabbata ba zai yi dariya ba.

Bara bayan girbi aka aiko mini cewa Gwaggo Hanne tana nemana. Tsohuwa ce a ɗaya daga cikin garuruwan da aka sake tsugunar da mutanen Tiga, ta wajen Bebeji, 'ya'yanta masunta ne da masu noman rani. Yaya ya yi hira da ita sau biyu. Na hau mota, na ƙarasa a kan achaɓa. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, idanunta sun tafi, amma bakinta garau. Na durƙusa na gaishe ta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Ke ce ƙanwar malamin nan mai babur? Allah ya jiƙansa. An karanta mini wani littafi. Labarina ne a ciki, amma an ce wai wani Malam wane ne ya bayar. 'Yar nan, namiji ya taɓa barin jaririya a ƙasa, ya hau mota nono yana zuba masa?"

Na san labarin, ni na buga shi. 'Yarta ta fari ta rasu kwana kaɗan kafin a kwashe su, aka binne ta a bayan gida, ruwa ya zo ya rufe wurin. Abin da ban sani ba shi ne abin da ta gaya mini ranar. Ta ce yarinyar 'yar fari ce, don haka ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko tana raye ko bayan ta mutu, saboda kunya. Mijinta ya rasu, surukanta sun rasu, duk wanda ya halarci sunan ya tafi. Da Yaya ya zo, ta ga in ta mutu ba wanda zai san an taɓa yin yarinyar. Sai ta ajiye kunyar shekaru masu yawa ta faɗa masa sunan, shi kuma ya yi mata alkawari zai zauna a rubuce. A littafin Habibu, "wata jaririya" kawai aka ce.

Ta ce, "Ni ba ruwana da rigimarku ta 'yan boko. Alkawari aka yi mini. Mai alkawarin ya tafi, aka ce ke ce hannunsa. To zan sake faɗa sau ɗaya, ba zan yi na uku ba."

Ta jawo kaina ta raɗa mini a kunne. Na fito ban ko iya yi mata sallama yadda ya kamata ba. A hanya na gane cewa shekara huɗun da na yi ina fushi, Habibu bai rasa komai ba. Waɗanda suka rasa su ne irin Gwaggo Hanne, kuma shiruna ya taya shi.

Na jawo akwatin. Gara ta ci littattafai biyu, sauran suna nan. Na je wajen Rabi muka zazzage kayan Yaya, muka samu tsohuwar wayarsa da memori a ciki. Ba duka hirarrakin ba ne, ko rabi ba su kai ba, amma akwai muryoyi, har da tasa yana cewa, "Baba, a sake faɗa mini sunan mahaifinka." Ni da Rabi muka zauna muka yi kukan da ba mu yi ba tun arba'in. Na buɗe sabon shafi da kaina, kalmar sirrinsa ni kaɗai na sani. Labarin Gwaggo Hanne na fara sawa, da sunanta, da na mahaifinta, da na ƙauyensu, da na yarinyar. Na koma na karanta mata. Da na zo wurin sunan ta kawar da kai, sannan ta ce, "To. Yanzu na san inda take."

Tun daga nan kusan kowane mako biyu ina sa labari ɗaya. Masu karantawa ba su da yawa. Wasu labaran ba za su dawo ba har abada, domin masu su sun rasu, muryarsu tana cikin kwamfutar da ba a dawo mini da ita ba. Kwanan baya Habibu ya turo mini saƙo, wai ya ga ƙoƙarina, madalla, ya kamata mu haɗa kai. Ban amsa ba. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na yafe ba. Ina roƙon Allah ya sassauta mini zuciya, amma har yau idan na ga littafin a shagon littattafai sai na ji ɗaci a bakina.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida na kansa ba, babur ɗin an sayar, littafin da ya kamata ya ɗauki sunansa yana ɗauke da na wani. Amma a garuruwan da ke gefen ruwan, idan na yi sallama na ce ni ƙanwar Malam Auwalu ce, shimfiɗa ake yi mini, a kira tsofaffin gida, su fara magana ba tare da na roƙa ba. Sun ba shi amana bai ci ba, ni kuma yau da ita nake shiga gidajensu. Wannan kam, Habibu ba shi da yadda zai kai shi wajen mai ɗab'i.

Allah ya jiƙan Yaya Auwalu, ya haɗa shi da Inna a Aljanna, ya raya abin da ya bari. Asabar mai zuwa in Allah ya yarda ina Tudun Wada, akwai wani tsohon maƙeri da aka ce yana jira.