Azumin da Kaka Ta Ɗinke Mana

Tokar da ke goshinta na fara gani, tun kafin in lura da ƙafar. Da hantsi ne, ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Aliero, ina saka ɓawon albasa a cikin kwanon ruwa ina hura shi kamar jirage. Sai ga maza huɗu sun shigo riƙe da kusurwoyin bargo, a ciki wata mata ce doguwa, idanunta a rufe. A tsakiyar goshinta akwai zane biyu na baƙar toka, ɗaya ya gitta ɗaya. Gumi ya jiƙe mata fuska, amma tokar ba ta goge ba.

Shekarata tara a lokacin. Ba a daɗe da yanke mana jiharmu daga Sakkwato ba, manya suna ta gyara bakinsu su saba da cewa Kebbi. Kakana na wajen uba mai ɗori ne. Daga nesa ake kawo masa masu karaya, har da waɗanda ba su jin Hausa. Maza su zauna a ɗakunan zaure, mata kuwa a shigo da su wurin Kaka, matarsa.

Wannan matar 'yar kudu ce, fataucin albasa take yi. Da sassafe ta je cocinsu a Jega, ta dawo ta hau motar kayanta, ba su yi nisa ba motar ta kwanta a gefen hanya, buhuna suka danne mata ƙafar hagu. Ba mu taɓa kiranta da suna ba. Baƙuwa muke ce mata, har bayan ta daina zama baƙuwa.

Da Kakana ya gama jan ƙashin ya jera karare ya ɗaure, Kaka ta jiƙa tsumma za ta share mata fuska. Baƙuwa ta riƙe mata hannu.

"Mama, bar shi. Na addu'a ne."

Hausarta ta kasuwa ce, tana tafe tana tuntuɓe, amma ana ganewa. Ta ce a ranar ake shafa musu toka don su tuna daga ƙasa aka yi mutum, kuma can zai koma. Kaka ta dubi tsumman, ta mayar da shi cikin ƙwarya.

"To ai mu ma haka muka sani," in ji ta.

Mai karatu, sai na gaya maka irin yarinyar da nake a lokacin. Yayata tana aro littattafan soyayya daga wata ƙawarta a Jega, ta riƙa karanta mana a gindin darbejiya bayan la'asar. Duk abin da na gani a duniya sai na sa masa labari. Kafin a kwana biyu na riga na gama tsara na Baƙuwa. Na yanke cewa wani ta rasa, wani kyakkyawa da aka raba su, shi ya sa take duban katanga ta daɗe ba ta ƙifta ido ba. Har suna na raɗa masa a zuciyata, na ba shi farar mota.

Washegarin zuwanta ko jibinsa aka ga watan azumi. A bazara ya faɗo shekarar nan, lokacin cirar albasa. Gari duka ƙamshinta yake, mai yaji, mai shiga tufafi da gashin kai. Da rana iska takan tsaya cak, kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ni kuwa na ci alwashin a bana zan kai azumi har magariba kamar manya. Na gaji da na yara. A gidanmu yaro yakan kama daga asuba zuwa azahar ya sha ruwa, Kaka ta ce kada ya damu, za ta sa allura ta ɗinke rabin yau da rabin gobe su zama guda. Sa'o'ina biyu a makarantar allo sun riga sun kai guda uku uku tun bara, suna yi mini dariya.

Abin da ba mu zata ba, Baƙuwa ma ba ta ci. Kaka ta dama mata fura da nonon da wata Bafulatana ke kawowa daga wajen Sabiyal, ta yi godiya ta ture. Aka kai mata tuwo da rana, ya huce a inda aka ajiye shi. Sai rana ta faɗi take ɗan taɓa loma uku ko huɗu. Kaka ta ɗauka kara ce take yi mana, ba ta son ci a gaban masu azumi. Ta sa aka rataya mata zane a ƙofa don kada kowa ya gan ta. Kwanon ya ci gaba da dawowa a cike.

Da aka yi kwana goma sha biyu Kakana ya kwance ɗaurin. Ina tsaye a bayansa. Ya bi ƙaurin da babban yatsansa a hankali, idonsa a rufe, kamar yadda yake yi kullum. Ya daɗe. Sannan ya sake ɗaurewa, ya fito tsakar gida.

"Ƙashin nan bai kama ba," ya ce wa Kaka. "Ni ɗauri nika yi, abinci ka haɗa ƙashi. In ta ƙara sati biyu haka, ƙafag ga ba ta ƙara ɗaukar ta."

Ya hango ni ina leƙe, ya ce, "Ke amaryata, kin ga leɓenki kuwa? Kamar bayan kada. Wa za ya aure ki haka in ba ni ba?"

Ban yi dariya ba. Ina tunanin Baƙuwa da sanda har ƙarshen ranta, da mai farar mota ya dawo ya tarar da ita haka.

Ranar Juma'a Kawu ya zo daga Maiyama, inda yake koyarwa a firamare. Shi ya yi karatu a Sakkwato, yana jin Turanci. Kaka ta tura shi ya tambayo. Ya zauna daga bakin ƙofa suka daɗe suna magana, ya dawo ya ce ba kara ba ce. Azuminsu ne na kwana arba'in ya haɗu da namu. Kuma ko a wurinsu an ɗauke wa marar lafiya, kamar yadda aka ɗauke wa namu. Nata ya wuce haka. Bara 'yarta ta fari ta kwanta ciwo har an fid da rai, ita kuwa ta durƙusa ta yi wa Allah alkawari, in yarinyar ta tashi za ta yi arba'in ɗin nan cur, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Yarinya ta tashi. Yanzu tsoro take ji, in ta karya alkawari a karɓe abin da aka ba ta.

Farar motata ta narke a wurin. Na ji kunya ta kama ni, kamar an kama ni ina leƙen ɗakin mutane.

Kawu mutum ne mai son bayani. Yana jiran a kira salla ya shiga ba mu labarin cewa ba mu da su kaɗai ke azumi ba. Ya ce Yahudawa suna da wata rana guda da ba ci ba sha, suna neman gafara, kuma sai mutum ya fara neman yafiyar wanda ya ɓata wa. Ya ce a Indiya akwai masu kame baki a wasu ranakun wata, wasunsu ko tururuwa ba su yarda su taka. Ya ce can gaba da su akwai masu sa tufafi ruwan ɗorawa, da rana ta take tsaka sun rufe baki ke nan sai gobe, suna koya wa zuciya ta rage kwaɗayi. Na lumshe ido ina ganinsu, layi layi a kan wata hanya mai jar ƙasa irin ta Giwa Tazo, kowa da ƙishirwarsa.

"Kuma duk inda na karanta," in ji Kawu, "ba wanda ya ce a yi ƙarya, ko a ci amana, ko a ƙi tausayin mai rauni."

"Namu namu ne, nasu nasu ne, hukunci na Allah ne," in ji Kaka. "Ni dai ƙafa ta dame ni. Mi kac ce game da masu rufe baki da rana tsaka?"

Kawu ya maimaita. Sai na ga Kaka ta dube ni.

Da safe ta kira ni ɗakin Baƙuwa. Ta zo da allura da jan zare da ƙyalle biyu, fari da shuɗi. Ta zauna a bakin tabarma ta bayyana mata yadda ake ɗinke wa yara azumi a gidanmu. Ta ce ga shawara. Yarinyar nan za ta kama daga asuba zuwa azahar. Ke ki ci da safe, ki ci da azahar, sannan ki karɓa daga hannunta zuwa faɗuwar rana. Da yamma ni in haɗa.

Baƙuwa ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta, har ta dafe ƙafar don zafi.

"Mama, wannan wayon yara ne."

"Na yara ne. Ke ɗiyar wa ce da kinka fi ƙarfin a yi miki shi?" Sai muryar Kaka ta sauka. "Ban san ko allurata tana kaiwa can ba, ɗiyata. Ba ni yi miki ƙarya. Amma wanda ya tashi ɗiyarki bai tashe ta don ya karɓi ƙafar uwarta ba. Wa za ya yi mata fatauci ta ci?"

Baƙuwa ta daɗe tana murza ƙwayoyin carbinta mai ɗan gicciye. Ta ce a littafinsu ma an faɗa cewa Ubangiji ya fi son jinƙai a kan hadaya, ita ce dai tsoro ya hana ta ji. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke fa? An ce kina so ki kai har yamma."

Ban san wa ya gaya mata ba. Na riga na kai guda biyar, ina lissafin in kai goma in rufe bakin sa'o'ina. Na dubi kararen da ke jere a ƙaurinta, na dubi ƙafafuna biyu masu ƙura. Na ce na yarda.

Haka muka yi sauran watan. Da an kira azahar sai in shiga ɗakinta da ƙwaryar fura, ludayi biyu. Ni ina buɗe baki, ita tana shirin rufewa. Haske yakan shigo ta ramin taga ya kwanta a kan nonon, ƙurar albasa tana yawo a cikinsa kamar zinariya. Nama dai ta ce ba za ta ci ba sai idinsu, saboda haka Kakana ya riƙa aika a sayo kifi daga Jega, Kaka ta dafa da wake da man shanu. In ta ajiye ludayi takan miƙo mini tafin hannu, in tafa, ta ce, "Na karɓa." Bayan magariba Kaka ta yi ɗinki ɗaya da jan zare, farin ƙyalle da shuɗi suna ƙara matsowa.

A makarantar allo an yi mini dariya sosai. Wata ta ce na sayar da azumina ga wadda ba ta salla. Na zo gida da kuka. Kakana ya ce in share hawaye, azumi bai hau kaina ba tukuna, amma tausayi ya hau kan kowa tun ranar da ya yi wayo.

Aka yi Salla, nata bai ƙare ba, saura mako biyu. Ranar idi Kaka ta ce ba mai kame baki a gidanta, Baƙuwa ta ci shinkafa ba gardama. Daga washegari muka ci gaba. Ana saura kwana uku idinsu Kakana ya sake kwance ƙafar. Ya bi ta da yatsa, ido a rufe. Wannan karon ya yi murmushi tun bai buɗe idon ba.

"Taka," ya ce.

Ta dafa kafaɗar Kaka ta miƙe. Ta sa ƙafar a ƙasa kamar mai gwada zurfin ruwa. Taku ɗaya, biyu, har bakin rijiya. Matan gida suka saki guɗa, ita kuwa ta rera wata waƙa da harshensu tana kuka. Ranar Lahadi Kawu ya ɗauke ta a babur ya kai ta coci a Jega, ya jira ta a inuwar wani shago har suka tashi.

Yau garinmu ya cika ya batse, gonakin da muke tsinto ɓawon albasa sun zama gidaje. Kaka da Kakana sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu. Da na ce wa ƙaramar 'yata zan ɗinke mata azumi, sai ta ce in nuna mata inda aka rubuta haka. Ba ni da abin nunawa. Wani lokaci ina jin yadda mutane ke fara tambayar addinin baƙo kafin su tambayi abin da ke damunsa, sai in rasa ko mu ne muka ƙara sani, ko wani abu ne ya zube mana a hanya.

Baƙuwa ta ci gaba da zuwa duk kakar albasa, shekaru masu yawa, kuma a ɗakin Kaka take sauka. Daga baya tsufa da halin hanya suka tsayar da ita. Bara 'yarta ta turo mini wani bidiyo a waya. Bikin godiyar amfanin gona ne a cocinsu, mata sun yi layi suna rawa zuwa gaba, kowace da abin da ta kawo. Ga ta can a tsakiya, kanta fari fat, ta ɗan ranƙwafa, da kwandon albasa a ka. Jikokinta suna ta miƙa hannu su karɓar mata, tana ture su. Na mayar da shi baya ya fi sau goma, ba fuskarta nake kallo ba. Ƙafar hagun tana ɗan jinkiri kafin ta sauka, amma a kan kiɗa take sauka, kuma ba sanda a hannunta.