Ranar da na ƙi tashi na gaida Gwaggo

A gidanmu na Soron Ɗinki, idan babba ya yi sallama, kowa sai ya fito tsakar gida ya durƙusa, ko da tuwo yake tuƙawa. Ni kuwa shekarar nan difloma nake yi ta intanet, kuma jarrabawar ƙarshe da kyamara a kunne ake yin ta. Ka juya fuska ko ka yi magana da wani, a rufe maka, sai baɗi. Wata tara na yi ina danne zuciyata saboda ranar nan. Na goge duk wata hira daga wayata, bikin ƙawata ma ban je ba.

Da safe na yi wa Inna bayani har sau uku. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ko minti goma ban yi da farawa ba sai ga sallamar Gwaggo, yayar Baba, daga Dukawuya. Na ji ƙannena suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi inda nake. Inna da na zata za ta kare ni sai cewa ta yi ina ɗaki, ina danne-dannen waya. Danne-danne! Har yau idan na tuna kalmar nan raina sai ya ɓaci.

Gwaggo ta kira ni sau biyu, sannan ta ɗaga labule ta tsaya a kaina. Ina jin ƙamshin turarenta, ƙafafuna har sun fara motsi da kansu za su durƙusa. Na danne su da gwiwar hannu. Hawaye na zuba, ina karanta tambaya ta bakwai, ban ɗago ba. Ta daɗe kafin ta saki labulen. Ruwan da aka kawo mata ma ba ta sha ba ta tafi.

Ina gamawa Baba ya tasa ni gaba, wai na zubar masa da mutunci. Ɗan'uwana idan yana kallon ƙwallo daga zaune yake gaisuwa, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Na saka mayafi na taka har Dukawuya cikin rana.

Na durƙusa a bakin ƙofarta, na ba da haƙuri, na yi bayani tiryan-tiryan. Tana tsintar shinkafa, ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan karatu da ya fi ni, Allah ya sa ya raka ki ɗakin miji."

Na ci jarrabawar, da sakamako mai kyau kuwa. Da bikina ya zo, Gwaggo ce ya kamata ta riƙe hannuna ta kai ni. Ta ƙi zuwa, maƙwabciya aka roƙa.